Ina saƙonnin da na aika suka shiga? Yadda na kwashe mako guda ina gyara imel ɗina

Fassara da gyaran rubutu ne sana'ata, kuma kusan duk wata magana tsakanina da masu ba ni aiki ta imel take gudana: sharaɗin aiki, ranar miƙawa, takardar neman biya, har da ban haƙuri idan na makara. Shekara shida ina aiki da adireshi ɗaya da na buɗe a wurin wani kamfanin da ke ba da hayar saba (wato babbar kwamfutar da ke karɓa da ajiye imel a intanet), ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda saƙonnin da nake aikawa suke kwana ba. Ranar da tambayar ta zo mini, ina kan tafiya ne, wayata kaɗai ke hannuna. Wata baiwar Allah da nake yi wa aiki ta rubuto cewa ban taɓa sanar da ita zan ƙara kwana biyar a kan wa'adin da muka yi ba. Ni kuwa na san na rubuta mata, har ina tuna kalmomin da na buɗe saƙon da su. Na shiga foldar saƙonnin da aka aika a waya, na duba sama da ƙasa, na nema da sunanta, na nema da kan maganar, babu shi babu alamarsa. Na shiga akwatina ta burauza, can ma wayam. Gabana ya faɗi, domin a wannan lokacin ba ni da abin nunawa sai bakina, har na fara kokwanton ko rubutawa na yi ban latsa aikawa ba. Sai bayan kwana biyu da na dawo na buɗe kwamfutata, na tarar da saƙon a zaune cikin Thunderbird, manhajar imel ɗin da nake aiki da ita, da ranarsa da lokacinsa. Na tura mata, ta ba ni haƙuri, magana ta wuce. Amma kwana biyun nan da na yi cikin zullumi suka sa na ce ba zan sake karɓar wani aiki ba sai na gane abin da ke faruwa.

Matakin farko da na ɗauka shi ne rubuta wa sashen taimako na kamfanin. Suka ba ni lambar ƙorafi nan take, amsa kuwa sai da ta kwana ta wuni. Da ta zo, layi biyu ce: su dai a wurinsu komai lafiya lau. Na sake rubutawa, na haɗa da hoton foldar waya da hoton foldar kwamfuta don su ga bambancin da idonsu. Wannan karon wani ma'aikaci daban ne ya amsa, kuma tambaya ɗaya ya yi mini: “Malam, asusunka na kwamfuta da POP ka saita shi ko da IMAP?” Ban san amsar ba. Ya nuna mini inda zan duba, cikin saitin asusu, a shafin da ke bayanin saba. Na duba na ga POP, da lambar ƙofa 995. A nan bakin zaren yake.

Ƙanina da ke aikin kula da kwamfutocin wani ofis ne ya zaunar da ni a daren ya warware mini, kuma bayaninsa shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ya ce, “Yaya, aika saƙo daban, ajiye kwafinsa daban. Ayyuka biyu ne, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba.” Idan ka latsa aikawa, manhajarka na miƙa saƙon ga sabar aikawa ta wata ƙa'ida mai suna SMTP, wadda aka tsara tun 1982. Aikinta ta karɓa ta isar, ba ruwanta da ajiye maka komai. Kwafin da kake gani a foldar Sent, wato ta saƙonnin da aka aika, a mafi yawan lokuta manhajar da ke hannunka ce ta rubuta shi bayan saƙon ya fita, kuma ita ke zaɓar inda za ta sa shi. A tsarin POP, manhaja na sauko da saƙonnin da suka shigo ne kawai, ba ta mayar da komai sama, don haka duk abin da na aika daga kwamfuta cikin shekara shida yana cikin faifan kwamfutar nan kaɗai. Da an sace ta ko faifan ya ƙone, shi ke nan. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986, foldoji a saba suke zama, kowace na'ura tana leƙa abu guda, kuma manhaja na iya ɗora kwafin abin da ta aika a can. Wayata da IMAP take aiki tun farko, shi ya sa take da nata tarihin daban, kwamfuta na da nata daban, ba wanda ya san na wani.

Washegari na so na faɗa gyara kai tsaye, ƙanina ya hana ni. Ya ce kada na taɓa komai sai na ɗauki kwafin duk abin da ke kwamfutar. Wannan ne kaɗai inda na kashe kuɗi a duk hidimar, domin Thunderbird kyauta ce: na sayi faifan ajiya na waje, sai kuma datar da aikin ya ci daga baya, wadda ba kaɗan ba ce. Hanyar ita ce ka shiga Help a cikin Thunderbird, ka zaɓi Troubleshooting Information, a nan akwai maɓallin da zai buɗe maka foldar da manhajar ke ajiye komai nata. Ka rufe Thunderbird gaba ɗaya kafin ka kwafe foldar, in ba haka ba wasu fayiloli na iya fita a gurgunce. Da na leƙa ciki na ga wani fayil guda mai suna Sent, ba shi da ko wutsiyar suna, sai wani ƙarami a gefensa mai ƙarewa da msf. Babban shi ne duk wasiƙuna na shekara shida a jere cikin fayil ɗaya, ƙaramin kuma jadawalinsu ne kawai. Na daɗe ina kallon fayil ɗin nan. Kwafewar ta ɗauki kusan minti arba'in.

Thunderbird ba ta juya asusun POP ya koma IMAP. Dole ka ƙara sabon asusu da adireshin nan dai, ka zaɓi IMAP a wurin saitawa, tsohon kuma ka bar shi a gefe tukuna. Abubuwan da na tanada a takarda kafin na fara su ne sunan sabar karɓa, sunan sabar aikawa, cikakken adireshina a matsayin sunan shiga, da kalmar sirri. Lambar ƙofa ta IMAP mai tsaro 993 ce, ta aikawa kuma 587 ko 465, gwargwadon abin da kamfaninka ya tanada. Kafin komai na shiga saitin tsohon asusun na cire alamar duba sababbin saƙonni, domin POP na iya ci gaba da kwashe wasiƙu daga saba yana gogewa bayan wasu kwanaki. Nawa a kan kwana 14 yake. Sabon asusun ya hau cikin minti kaɗan, na yi murna, sai dai murnar ba ta daɗe ba.

A jerin foldoji na ga Sent guda ɗaya, kusan babu komai a ciki. Ina na wayar? Ashe Thunderbird ba ta nuna maka foldar IMAP sai wadda ka yi rajista da ita. Na latsa sunan asusun da maɓallin dama, na zaɓi Subscribe, sai ga foldoji uku masu aiki iri ɗaya: Sent, Sent Messages da Sent Items. Ta farko ita ce ta shafin burauza. Ta biyu iPhone ɗina ne ya ƙirƙire ta. Ta uku kuwa ta samo asali ne daga wasu watanni da na yi aiki da manhajar imel ta Outlook a wata kwamfutar aro, na manta da su sam. Kowace manhaja ta zo ta buɗe tata foldar da sunan da ta saba da shi. An fitar da wata ƙa'ida a 2011 da ke ba saba damar yi wa folda ɗaya tambari cewa ita ce ta saƙonnin da aka aika, don kowace manhaja ta gane ta ko da wane suna take, amma sai saba da manhaja duk sun san ƙa'idar take aiki. A wurina abin bai haɗu da kansa ba, sai da na haɗa da hannu.

Na zaɓi foldar da shafin burauza ke amfani da ita ta zama uwa, saboda ita ce ba zan iya rabuwa da ita ba ko na canza waya ko kwamfuta. A Thunderbird, cikin saitin asusu akwai shafin Copies & Folders. Layin farko na cewa a ajiye kwafi idan an aika saƙo. Na sa masa alama, na zaɓi Other, na nuna foldar Sent ta sabon asusun da hannuna, ban bar wa manhajar ta yi hasashe ba. A iPhone na bi saitin Mail zuwa asusun, na shiga Advanced, na canza Sent Mailbox zuwa foldar nan ta saba. Daga nan na yi abin da ya zame mini ɗabi'a har yau: na aika wa wani adireshina saƙon gwaji daga kwamfuta, wani daga waya, wani daga burauza, kowanne da kan magana daban, na zauna ina kallo. Duk ukun suka faɗo wuri ɗaya. Gani ya kori ji.

Kwashe tsofaffin wasiƙu zuwa saba ne ya fi cin lokaci da haƙuri. Da farko na zaɓi dubbai a lokaci guda na ja su zuwa sabuwar foldar, aikin ya yi nisa sai intanet ta yanke, na rasa sanin wanne ya hau wanne bai hau ba. Allah Ya taimake ni kwafewa na zaɓa ba matsarwa ba, don haka asalin na nan. Na goge abin da ya hau, na koma bi wata-wata, ina gwada adadin saƙonnin kowane ɓangare kafin na wuce gaba. Kwana biyu na yi a kan wannan, yawanci da dare. A tsakiyar aikin saba ta ƙi karɓa, wai wurin ajiyata ya cika. Ban taɓa tunanin haka ba, domin a zamanin POP saba kusan kullum fanko take. Na yanke shawarar shekara uku na baya-bayan nan su hau sama, sauran su zauna a Local Folders, wato foldojin da ke cikin kwamfutar kaɗai, tare da kwafinsu a faifan waje. Ban goge ko ɗaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a sana'a irin tawa wasiƙar shekara biyar kan raba gardama. Tsohon asusun POP ɗin sai da ya ƙara wata guda kafin na cire shi, kuma a wurin cirewa manhajar na tambaya ko a goge bayanan asusu kaɗai ko har da saƙonni. A karanta wannan tambayar da kyau kafin a latsa.

Ina da adireshi na biyu a Gmail, na ce bari na sa shi a manhajar shi ma. Shigarsa ba ta yi wuya ba: taga ta buɗe, na shiga ta shafin Google, na amince. Tun 2022 Google ya daina barin irin waɗannan manhajoji su shiga asusun mutane da kalmar sirri zalla, sai ta wannan hanyar ko ta kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16. Kuskuren da na yi shi ne na ɗauki darasin asusun farko na ɗora wa wannan, na buɗe folda da kaina na ce a riƙa ajiye kwafi a ciki. Sai na riƙa ganin kowane saƙo a wuri biyu. Dalili kuwa Gmail ya bambanta: duk saƙon da ya bi ta sabarsa ta aikawa, shi da kansa yake ajiye shi a Sent Mail, kuma shawarar Google ita ce kada a sa manhaja ta sake ajiyewa. Na cire alamar a Copies & Folders na wannan asusun kaɗai, komai ya daidaita. Alama guda ce a ɗan akwati, a asusu ɗaya rashinta na ɓatar da wasiƙu, a ɗayan kuma samuwarta na ninka su. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai rana ta shida na iso kan abin da na daɗe ina buri, wato kowane saƙo da na aika ya tafi foldar mai aikin da kansa. Thunderbird ta samu wannan damar ne a fitowarta ta 38, a 2015. Ana shiga Tools, a zaɓi Message Filters, wato dokokin da ke tace saƙonni, a tabbatar asusun da ake so ne a sama, domin kowane asusu da nasa filtocin. Na buɗe sabuwa, na ba ta suna, na cire alamar Getting New Mail, na sa a After Sending, na kuma bar ta Manually Run. Sharaɗin shi ne idan layin wanda aka aika wa ya ƙunshi ƙarshen adireshin ma'aikatar mai aikin, wato daga alamar @ zuwa gaba, a matsar da saƙon zuwa foldarsu. Gwajin farko ya yi. Na biyu ya ƙi, na yi kusan awa guda ina neman dalili, ashe mutumin a layin Cc yake, wato na waɗanda aka aika wa kwafi, ni kuma na zaɓi To kaɗai. Akwai zaɓin da ya haɗa biyun, shi ya kamata. Na kuma gano filtoci daga sama zuwa ƙasa suke aiki, wadda ta fara matsar da saƙo ita ta ci, don haka na ɗora ta takardun neman biya a saman kowa, ina gane su da kalma ɗaya da nake sa wa a kan magana koyaushe. Tsofaffin da ke jibge a Sent kuma, a ƙasan tagar akwai wurin zaɓar folda da maɓallin Run Now; cikin 'yan mintuna wasiƙun shekara uku suka rarrabu. Wannan ne lokacin da na fi jin daɗi a duk makon.

Na yi dogon tunani tsakanin matsarwa da kwafewa. Kwafewa na barin cikakken tarihi a Sent, amma tana cin wuri ninki biyu, ni kuma na riga na ɗanɗana cikar ma'aji, sai na zaɓi matsarwa. Wanda ke da wadataccen wuri, a ganina kwafewa ta fi masa kwanciyar hankali. Akwai kuma zaɓin da ke sa amsa ta zauna a foldar da saƙon da aka amsa yake. Na gwada shi kwana ɗaya na kashe, saboda a Thunderbird idan saƙon na akwatin shigowa, amsata ma can take faɗawa ta cakuɗe da abin da ban karanta ba. Irin wannan zaɓin a Outlook ya ware akwatin shigowa, ya fi dacewa da yadda nake aiki. Masu Outlook na kwamfuta su sani akwai dokar da ake ɗorawa a kan saƙonnin da mutum ya aika, amma kwafi take kai wa folda, asalin na nan a Sent Items sai in an kashe ajiyewar a cikin Options.

Iyaka biyu na ci karo da su, kuma gara mutum ya san su tun wuri. Filtar After Sending a cikin kwamfutar take rayuwa, ba a saba ba. Abin da na aika daga waya yana zama a Sent har sai na dawo na latsa Run Now. Sannan a kan kwafin da manhajar ta ajiye take aiki, don haka a asusun Gmail da na kashe ajiyewa ba ta da abin kamawa. A can sai na shiga shafin Gmail ta burauza na yi filtarsa, wadda ke liƙa wa saƙo lakabi gwargwadon wanda aka aika wa, kuma lakabin na bayyana kamar folda a Thunderbird. Tunda wannan a saba take, ko daga ina na aika tana aiki. Wasu kan sa adireshinsu a Bcc, layin kwafin ɓoye, don kowane saƙo ya dawo musu su tace shi a matsayin mai shigowa. Dabara ce mai aiki, amma ni ta cika mini akwati da muryata, na bar ta.

Abu na ƙarshe da ya tsorata ni ya faru ne bayan na ɗauka an gama. Na aika babban fayil a kan intanet mai rauni, sai taga ta fito tana cewa saƙon ya tafi amma ba a iya ajiye kwafinsa ba. Saura kaɗan na sake aikawa. Na kira ƙanina, ya ce, “Yaya, kar ka sake turawa, ya riga ya isa, kwafin ne ya maƙale.” A tsarin IMAP saƙo sau biyu yake hawa: sau ɗaya zuwa sabar aikawa, sau ɗaya zuwa foldar Sent. Ga shi kuma fayil na kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka liƙa shi a imel, wato mai megabait 9 ya koma kusan 12, a hau da shi sau biyu. Tagar na ba da zaɓin sake gwadawa ko ajiyewa a cikin kwamfuta. Na ajiye a kwamfuta, da intanet ta dawo na ja shi zuwa inda ya dace. Tun daga ranar, manyan fayiloli ta mahaɗin saukewa nake tura su.

Da za a mayar da ni farkon makon, da na fara da duba ko POP ne ko IMAP kafin na rubuta wa kowa ƙorafi, da na tsira daga jiran kwana biyu. Da na ɗauki hoton kowane shafin saiti kafin na taɓa shi, domin sau biyu na canza abu na manta yadda yake a da. Kuma da ban ɗauka abin da ya yi wa asusu ɗaya zai yi wa ɗayan ba. Ya kamata kuma a san iyakar hujjar da ke cikin foldar Sent: tana nuna sabar aikawa ta karɓi saƙon daga hannunka, ba ta nuna ya shiga akwatin mutumin ko ya karanta ba. Saƙon da ke da nauyi, kamar na canza wa'adi, yanzu nakan rufe shi da roƙon a amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

A watan jiya na sayi sabuwar waya. Kafin na aika wa kowa komai, na shiga Advanced na duba Sent Mailbox, na tarar ta riga ta zaɓi wata folda ba wadda nake so ba. Na gyara, na aika saƙonnin gwajina uku, na jira har suka haɗu a wuri ɗaya, sannan na amsa wasiƙar farko.